Shata da Dukiyar Kalangu

Duk wanda ya zauna majalisar dattawa a Bebeji ko Ƙiru, ko ya tsaya shan shayi a Kwanar Ɗangora inda manyan motocin Zariya da Kano ke yada zango, ya san hirar Mamman Shata ba ta daɗewa a kan waƙa sai ta gangaro kan dukiya. Wannan ya ce sarki kaza ya ba shi mota, wancan ya ce attajiri kaza ya ninka, na uku ya rantse cewa kafin gari ya waye har ya kyautar da ita. Abin da ba za ka ji ba shi ne a ce Shata ya sayar da faifai kaza, ya ci riba kaza. Ba mantuwa ce ta sa ba. Arzikin mawaƙin Hausa na wancan zamani ba ta wannan ƙofa yake shigowa ba. In aka bi rayuwar Shata ta wajen aljihu, tarihin kuɗin ƙasar Hausa za a tarar, tun daga na goro, na gyaɗa da auduga, har na man fetur da na siyasa.

An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, ba makaɗi ba ne, kuma bai so ɗansa ya zama makaɗi ba. Ƙin nasa yana da dalili. A tsarin sana'o'in da, kiɗa da roƙo gado ne, kuma ba a sama suke ba a jerin daraja. Mutum zai ba maroƙi doki da sirdinsa, amma ya yi ta jan ƙafa in maganar ba shi 'ya ta taso. M. G. Smith, masanin da ya yi nazarin ƙasar Zazzau, ya rubuta a kan wannan a 1957: ana bukatar maroƙi, ana tsoron bakinsa, ana kuma raina shi, duk a lokaci guda. Ɗan gidan da ba su gaji abin ba in ya shiga, ana ganin ya zubar da mutuncin gida ne da gangan.

Don haka Shata ya fara da abin da ake so ya yi. Ya yi noma, ya yi tallan goro, ya yi na alewa. Masu tarihinsa sun ce ko laƙabin nasa daga nan ya samo shi: in ya sayar da goro sai ya rabar da cinikin a hanya ya dawo hannu rabbana, wani ɗan'uwansu da ake kira Baba Salamu ya riƙa yi masa tsiya da sunan, har ya bi shi. Ko ma yaya aka ƙawata labarin daga baya, halin da yake nunawa bai taɓa barinsa ba. Waƙar kuwa a dandali ya koye ta, wajen wasannin samari da 'yan mata irin su asauwara, inda ba a biyan kowa sai da tafi da guɗa.

Sai an san yadda makaɗin ƙauye yake ci kafin a gane girman tsallen da Shata ya yi. A ƙasar noma irin ta Tudun Wada da Doguwa, inda damina ta fi ta arewacin Kano tsawo, shekarar makaɗi ita ce shekarar manomi. Da damina shi ma yana gonarsa, sai in an yi gayya ya rataya gangar noma ya bi bayan samari kunya-kunya, yana kiran kirarin kowa, wanda ya ji sunan kakansa ya ƙara duƙawa. Ladansa ranar nan tuwo ne da fura da alkawari. Sai kaka ta yi, an cika rumbu, an shiga bukukuwan aure da kalankuwa da dambe, sannan yake bi gida-gida yana karɓar damin dawa ko gero, ɗan kwabo da sisi, wani lokaci tsohuwar riga. Shekarar da fari ya yi, ganga sai ta kwana a rataye. Makaɗin fada ya fi shi kwanciyar hankali. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Ɗanƙwairo ya taso a hidimar sarautar Maradun. Ubangida shi ne ci, shi ne sha, shi ne sutura da doki da muhalli. Amma fa kotso da taushi ba sa zuwa ƙofar kowa sai da izini.

Shata ya ɗauki kalangu, gangar mahauta da 'yan mata, wadda ba ta da ubangida. Kalangu yana shiga kasuwa, yana shiga tasha, yana shiga gidan biki da barikin da malamai ba sa son a ambata. A ganina wannan zaɓi shi ne jarinsa na farko. Bai ɗaure kansa a gindin sarki ɗaya ba, saboda haka duk inda sabon kuɗi ya ɓullo yana da damar ya bi shi.

Sabon kuɗin kuwa yana ɓullowa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912, gyaɗa ta zama zinariyar talaka. Mutanen Bebeji sun fi kowa sanin wannan labari, domin a garinsu aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, Ba'agale ɗan fataken goro, wanda ya juya daga hanyar Gwanja ya koma sayen gyaɗa wa kamfanonin Turawa, ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arzikin Afirka ta Yamma. A ƙarƙashin irin su Ɗantata akwai rundunar mutane da ba a san da su ba a zamanin kakanni: masu awo a bakin sikeli, dillalai, 'yan baranda, akawuna, masu lodin buhu, direbobin manyan motoci da yaransu. Ta ɓangaren kudancin Katsina kuma auduga ce, da injin gurzarta a Funtuwa da layin dogo da ya ratsa garin zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Waɗannan mutane suna da sulalla a aljihu, amma ba su da tambari, ba su da kirarin gado, ba wanda zai tsaya ƙofar gidansu ya jero kakanninsu. Suna son suna, kuma suna iya biya.

Ba banza ba ne ya kasance wanda ya fara jawo Shata daga Musawa ma'aikacin wannan harka ne. Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e na sayen auduga da gyaɗa a Bakori, shi ya kira shi can. A Bakori ya yi auren fari, daga nan ya riƙa fita da jama'arsa zuwa Katsina da Kano. Dubi sunayen da waƙoƙinsa suka ɗauka: Bawa Direba, Sarkin Bori Sule, Hassan Sarkin Dogarai, Umaru Ɗanɗanduna. Da yawansu ba don waƙar ba, da yau ko jikokin maƙwabtansu ba za su tuna da su ba. Abin da Shata yake sayarwa ke nan. Ya ɗauki abin da a da sai sarki ke samu, ya kai shi tasha.

Sarakunan ma ba su daɗe ba suka neme shi. A 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi bikin da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan sarauta da dama a lokaci guda, kuma masu tarihinsa a nan suke sa farkon tashensa a birni. A 1960 ya koma Funtuwa, garin 'yan kasuwa da baƙi da mahaɗar hanyoyi, ya zauna nan kusan shekara arba'in, ko da yake yana da gidaje a Kano da Musawa.

Yaya kuɗin yake shigowa a daren wasa? Wanda bai ga irin wannan taro ba zai ɗauka tikiti ake saya. An share fili, an jera kujeru ga manya, an kunna fitilu. Masu kalangu suna zaune da mai kuntuku a gefe, su ne kuma 'yan amshi. Mawaƙi ya kama sunan mutum, ya ambaci garinsu da sana'arsa da abokansa. Mutumin ya taso yana taku ɗai-ɗai, ya zaro kuɗi ya liƙa, ko ya raɗa wa sanƙira abin da ya bayar. Aikin sanƙira shi ne ya tsayar da kiɗa ya shelanta kyautar da ƙarfi, ya ƙara mata gishiri, yadda abokin hamayyar mai kyautar da ke zaune can gefe zai ji kujerar ta yi masa zafi. Shi ma ya taso. Kafin asuba an tara abin da manomi ba zai gani ba a kaka uku. Wata kyautar ba a filin ake ba da ita ba, alkawari ne: ka zo gida ka ɗauki doki, ka zo ka karɓi makulli, na biya maka kujerar Makka. Akwai kuma ɗaya gefen wuƙar, wanda masoyansa ba su cika son a taɓo ba. Mai iya ɗaga mutum da waƙa yana iya kayar da shi da ita. Waƙarsa Gagarabadau shaida ce cewa zambon Shata ba abin wasa ba ne, kuma ba kowace kyauta ce ta fito daga ƙauna zalla ba. Wata kariyar mutunci ce.

Sai dai abin da aka tara ba nasa ba ne shi kaɗai. Makaɗa suna da kaso, sanƙira yana da nasa, ga direbobi, ga yaran da ke ɗaukar kaya, ga man mota da masauki da abincin tafiyar da kan ɗauki makonni. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da iyali, kuma aurensu da sunan 'ya'yansu da jinyarsu duk suna wuyan maigida. Bayan su ga 'yan'uwa da 'yan garinsu da mabarata da ƙananan maroƙa da ke roƙon babban maroƙi. Mawaƙin da ya ƙulle hannu ya karya sana'arsa da kansa, domin wanda kullum yake yabon masu kyauta yana zagin marowata ba shi da bakin da zai yi rowa. Dukiyar Shata kamar ruwan kwalbati take: yana wucewa da yawa, ba ya kwana.

Rediyo ta zo ta faɗaɗa kasuwar. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma muryarsa tana kaiwa har Nijar da Gana da Kamaru. Manomin Doguwa da ma'aikacin haƙar kuza a Riruwai, waɗanda ƙila ba su taɓa ganin Shata ido da ido ba, suka haddace amshinsa. Kamfanoni irin su EMI suka buga faya-fayensa. Ya kuma nuna cewa kalangu ba na yabo kaɗai ba ne, domin da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969 ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, mutanen karkara da yawa a bakinsa suka fara jin labarin da daɗi. Amma ribar rediyo a wajensa ba a ɗan abin da ake biya wajen ɗauka take ba. Ribar ita ce farashin sunan ya tashi. Wanda aka yi wa waƙa yanzu ba 'yan filin biki kaɗai za su ji shi ba, Arewa duka za ta ji, a kuma maimaita shekara da shekaru. Kyautar sai ta bi girman wannan.

Shekarun 1970 suka juya komai. Fari ya yi ɓarna daga 1972 zuwa 1974, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, dalar gyaɗar Kano ta zama labari. A daidai lokacin kuɗin man fetur ya kwararo. Naira ta maye gurbin fam a 1973, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya. A nan kudancin Kano, gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, ga otal ɗin Bagauda, ga hanyoyi da magudanan noman rani. Zamanin ya zama na 'yan kwangila, kuma ɗan kwangila shi ne sabon mai awon gyaɗa: kuɗi a hannu, suna babu. Makaɗin gayya da ya dogara da dami ya shiga uku, amma Shata bai ji a jikinsa ba, ya bi kuɗin zuwa sabon gidansu. Kyauta ta tashi daga doki ta koma mota, musamman da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Cikin manyan iyayen gidansa na wannan zamani akwai Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, mai kamfanin jiragen sama na Kabo Air. A sarakuna kuwa akwai Ado Bayero na Kano da Shehu Idris na Zazzau, amma ba wanda ya kai Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau mulki a 1966, shiga ransa.

Sannan kaset ya zo, kuma a nan ne hanyar mawaƙin Hausa da ta takwaransa na wata duniya suka rabu sarai. Masu sauraren rediyo a Arewa sun san mawaƙan karkarar Amurka, su Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton. Ita Dolly 'yar talakawa ce daga duwatsun Tennessee, an haife ta a 1946, ta taso a gidan da bai fi na manomin Ƙiru wadata ba. Tun tana ƙuruciya ta kafa kamfanin da ke riƙe da haƙƙin mallakar waƙoƙinta. Da Elvis Presley ya so ya rera waƙarta I Will Always Love You, manajansa ya ce sai an ba su rabin haƙƙin, ta ƙi. A 1992 Whitney Houston ta rera waƙar a fim, ta zagaye duniya, kuɗin marubuciya ya zo wa Dolly tana zaune a gida. A 2021 mujallar Forbes ta ƙiyasta dukiyarta a dala miliyan 350, kuma kaso mai tsoka daga waƙoƙin da ta riƙe ne da wurin shaƙatawarta na Dollywood.

Shi kuwa Shata, a kowace kasuwar mako ta ƙasar nan akwai mai rumfa da rediyo mai baki biyu, ya sa kaset ɗin asali a ɗaya, fanko a ɗaya, ya danna. Manomi ya sayar da shinkafa a Tudun Wada ya sayi rediyo da batir da kaset uku, direban hanyar Jos ya ratsa dajin Falgore da waƙar Bakandamiya ta Shata a kunne, ko sisi bai isa Funtuwa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 1970 tana nan a takarda, an sake ta a 1988, aka kafa hukumar kula da ita a 1989, amma ba ta taɓa leƙa rumfar mai kaset ba.

Da sauƙi a ce an cuce shi, kuma an cuce shi ɗin. Amma ina ganin shi kansa ba da wannan ido yake kallon abin ba. A tsarin da ya taso a ciki, an riga an biya kuɗin waƙa tun ranar da aka yi ta. Mai ita, in ana maganar mallaka, shi ne wanda aka yi wa, kuma burinsa a yi ta kwafa har ta kai inda ƙafarsa ba ta kai ba. Kowane kaset na sata talla ce ga Shata, gobe wani attajirin zai aiko a zo a yi masa tasa. Ga shi kuma mutum ne da ba ya zama ya tsara waƙa a rubuce, a fili take zuwar masa, shi ya sa Bakandamiya ma ba iri ɗaya ba ce, kowace ɗauka da abin da ta ƙunsa. Da aka tambaye shi yawan waƙoƙinsa, shi ma bai san adadi ba. Wanda bai ƙirga ba, yaya zai yi rajista? Illar tsarin ɗaya ce, amma babba: ranar da murya ta tsaya, ranar shigar kuɗi ke tsayawa.

Ya gwada ƙofar siyasa, ba a matsayin mai yi wa 'yan takara kiɗa kaɗai ba. A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, lokacin tana cikin jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga GNPP ta Waziri Ibrahim, daga baya ya koma NPN. A ta Uku ya zama shugaban SDP na Funtuwa, saɓani da manyan jam'iyyar a jihar ya sa aka tsige shi. Mutumin da ya saba faɗa wa sarki magana a gaban jama'a ba zai iya zaman taron da ake jiran umarni daga sama ba. A waɗannan shekaru kuma naira ta fara zubewa bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, takardar da ake liƙawa ta yi yawa, abin da take saye ya ragu.

Daraja kuwa ta zo masa ta inda mahaifinsa bai zata ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, gwamnatin tarayya ta ba shi lambar MON, ya je Ingila da Faransa da Amurka. Yaron da aka hana kiɗa don kada ya zubar da mutuncin gida ya zama Dakta Mamman Shata. Ya yi jinya a Kano da Jidda, ya rasu a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999, aka kai shi Daura aka binne, garin ubangidansa Muhammadu Bashar. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah.

Mawaƙan da suka biyo baya sun sauya kayan kiɗa, fiyano da kwamfuta sun ture kalangu, amma hanyar cin abincin tana nan yadda take. Dauda Kahutu Rarara, wanda ya fito daga ƙaramar hukumar Ɗanja, maƙwabciyar Bakori da Funtuwa, ya yi arzikinsa ne a hannun 'yan siyasa, ba a cinikin waƙa ba. A 2020 da ya nemi masoya Buhari su turo naira dubu-dubu kafin ya saki sabuwar waƙa, liƙi ne ya koma ta asusun banki. Waƙoƙin Shata kuwa yanzu a hannun masu tura waƙa a waya suke, a cika maka katin waya da su a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, wasu kuma sun ɗora su a intanet da sunayen da ba na magadansa ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba waƙa kariyar shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato ta Shata sai ƙarshen 2069. Amma sautin da aka ɗauka shekara 50 kawai yake da ita, don haka faya-fayen shekarun 1960 da na farkon 1970, lokacin da muryar take kan ganiyarta, wa'adinsu ya riga ya cika.